Ɗalibata ta ƙure ni: me ya faru a Turai tsakanin Copernicus da Newton?

Malamar Fiziks ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da fiziks a sakandare, amma yau da ƙoƙon bara na zo.

Ranar Talata ina tsakiyar bayanin dokar Newton ta biyu, na rubuta sunansa da shekarar 1687 a allo, sai wata yarinya da ke zama can layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malama, tun farkon zango nake lura. Galileo, Kepler, Boyle, Hooke, Pascal, Newton. Duk Turawa ne, kuma duk kusan lokaci guda suka rayu. Kafin su barci mutanen duniya suke yi ne?" Aji ya kwashe da dariya. Ni ma na murmusa na ce tambaya ce mai kyau, za mu dawo kanta. Duk malamin da ke zauren nan ya san fassarar wannan maganar: ba ni da amsa.

Da aka tashi tara na jefa tambayar a ofishin malamai. Amsa biyu na samu, kowacce da zafinta. Wani abokin aiki ya ce ai sata suka yi, littattafan Musulmi suka kwashe daga Andalus suka goge sunaye suka sa nasu. Wani kuma ya ce a'a, addini suka ajiye gefe, suka yi wa Coci tawaye, shi ya sa ƙwaƙwalwarsu ta buɗe.

Duka biyun ba su kwanta mini ba. In sata ce, littattafan nan tun ƙarni na 12 ake fassara su zuwa Latin a birnin Toledo. Me ya sa ɓarawon ya rungume kaya shekara ɗari huɗu kafin ya kwance ƙunshin? In kuma barin addini ne, ai Copernicus ma'aikacin majami'a ne har ya mutu, Pascal mutum ne mai tsananin ibada, Boyle da kuɗinsa ya ɗauki nauyin fassara Baibul, Newton kuwa rubutun da ya bari kan addini tuli ne.

To abin da nake nema a taimaka mini da shi: mene ne takamaimai ya canza tsakanin 1543 da littafin Copernicus ya fito, da 1687 da na Newton ya fito? Sannan abin da ake kira Zamanin Wayewar Kai, na su Voltaire, marubucin nan Bafaranshe, abu ɗaya ne da wannan ko daban? Ina son amsar da zan iya tsayawa gaban 'yar shekara goma sha shida in faɗa ba tare da na sunkuyar da kai ba. Don Allah kada a liƙo mini dogon jawabin da aka kwafo daga wani wuri, na riga na karanta irinsu har idona ya yi yaji.

Tsohon Safiyo ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ki riƙe ta da kyau.

Ni ba masanin tarihi ba ne. Awon ƙasa na yi shekara talatin da huɗu, da na yi ritaya ne na samu lokacin karatu. Saboda haka da idon mai awo zan ba ki amsa, kuma amsata minti takwas ce. Ba na agogo ba, na kusurwa.

Ki fara cire wa ɗalibanki tunanin cewa Copernicus ya zo da gaskiya kowa ya gani, sai masu taurin kai suka ƙi. Littafinsa ya sa rana a tsakiya, haka ne, amma ya riƙe tsohon ra'ayin Girkawa cewa komai na sama a cikakkiyar da'ira yake tafiya. Don lissafin ya fita sai da shi ma ya ɗora ƙananan da'irori kan manya, kamar yadda Batlimus, masanin taurari na Iskandariya, ya yi shekara dubu da ɗari huɗu kafin shi. Hasashensa na inda taurari za su kasance bai fi na da wani kirki ba. Kuma masu musu suna da hujja mai ƙarfi. Sun ce in ƙasa na kewaya rana, dole taurari su riƙa ɗan gocewa a idonmu tsakanin wata shida da wata shida, kamar yadda bishiya ke gocewa in ka rufe ido ɗaya ka buɗe ɗaya. An duba ba a gani ba. Wannan gocewar sai 1838 Bessel ya iya auna ta. Da ina raye a 1580, da na'urata a hannu, ina jin da ni ma cewa zan yi ƙasa a tsaye take.

Mutumin da ya canza wasan wani basarake ne ɗan Denmak, Tycho Brahe, wanda shi kansa bai yarda ƙasa na motsi ba. Sarki ya ba shi tsibirin Hven, ya gina wajen duban taurari, ya ƙera manyan na'urorin awon kusurwa na tagulla da katako. Babu madubin hangen nesa a lokacin, da ido tsirara ake aiki. Shekara ashirin yana auna taurari dare bayan dare, yana maimaitawa, yana gwada wannan na'ura da waccan don ya san kuskuren kowacce. Wannan na ƙarshen shi ya sa nake ganin sa ɗan sana'armu ne. Wanda bai san ƙaryar na'urarsa ba bai fara awo ba.

A 1600 Kepler ya zo ya kama aiki a ƙarƙashinsa a Prague. Tycho ya rasu a 1601, kundin awon ya faɗa hannun Kepler, ya duƙufa kan tafiyar duniyar Mars. Ya gina tsari na da'ira, ya yi lissafi da hannu, shi da kansa ya ce ya maimaita shi sau saba'in. A ƙarshe ya samu tsarin da ya yi daidai da awon Tycho a wurare da yawa. Sai a wasu wurare aka samu saɓanin minti takwas.

Bari in nuna miki girman minti takwas. Digiri ɗaya minti sittin ne. Faɗin wata in ya cika a sama kusan minti talatin ne, wato muna maganar kamar rubu'in faɗin wata. Masanan da, in suka samu saɓanin minti goma, ɗaga kafaɗa suke yi su wuce, don na'urorinsu ba su iya rarrabe abin da ya gaza haka. Amma mu masu awo mun san in ka kuskure minti takwas a layin kilomita ɗaya, turakarka za ta faɗa fiye da mita biyu cikin filin maƙwabci. Na taɓa ganin yaron aikina ya samu irin wannan saɓanin, ya ɗauki fensir ya ɗan lallaɓa lambar don kusurwoyin su rufe mu tashi da wuri. Ban manta yadda hannunsa ya rufe takardar da na matso ba. Jarabar da ta zo wa Kepler ke nan, kuma shi babu mai leƙa takardarsa, mai awon ya riga ya kwanta dama. Da ya ce Tycho ne ya yi kuskure, wa zai musa?

Ya ce a'a, awon Tycho bai yin kuskuren minti takwas. Ya yar da aikin shekaru, ya yar da da'irar da aka riƙe kusan shekara dubu biyu. Ya gwada siffar ƙwai ta ƙi, daga bisani ya gane hanyar Mars kamar zobe ce da aka ɗan matse, rana kuma ba a tsakiyarta take ba, ta ɗan karkata gefe. Ya buga wannan a 1609, kuma bai ɓoye kurakuran da ya yi a hanya ba, duk ya zayyana su.

Ga inda abin ya ƙara armashi. A 1627 ya fitar da jadawalin taurari bisa sabon tsarin, daga baya ya yi amfani da shi ya ce ranar 7 ga Nuwamba 1631 duniyar Uɗarid (Mercury), wadda ta fi kowace kusa da rana, za ta gifta ta fuskar rana. Shi ya rasu a 1630. Ranar ta zo, wani limamin Katolika mai suna Gassendi ya zauna a ɗaki mai duhu a Paris, ya ga ɗan baƙin ɗigo yana ratsa hoton rana. Mamaci ya yi alkawari, sama ta cika masa.

Da zarar kin gane wannan ɗabi'ar, za ki gan ta ko'ina a ƙarnin. A 1648 Pascal ya ce in nauyin iska ne ke riƙe zaiba a cikin bututun gilashi, to a kan dutse zaibar za ta sauka. Ya sa mijin yayarsa, Périer, ya hau dutsen Puy de Dôme da bututu. Zaiba ta sauka kusan inci uku. Abin da ya fi burge ni shi ne Périer ya bar bututu na biyu a gindin dutsen, ya sa wani malamin majami'a ya zauna yana kallonsa wuni guda, don kada wani ya ce ai yanayin ranar ne ya canza. Harvey a 1628 bai tsaya gardama da littafin Jalinus, babban likitan Girkawan da, ba, lissafa jinin da zuciya ke turawa a rabin awa ya yi, ya ga ya fi duk jinin da ke jikin mutum, ya ce to dole jini ɗaya ne ke zagayawa.

In kina son jimla ɗaya ta allo: a da in awo ya saɓa wa babban malami, awon ake tuhuma. A ƙarnin nan aka samu jama'a da suka yarda a tuhumi malamin.

Sarkin Gardama ya rubuta:

Baba ka yi kwana da yawa. Magana ɗaya ce: Coci ta kashe Galileo saboda ya ce duniya na juyawa, mutane suka fusata suka bar Coci, kimiyya ta samu 'yanci. Shi ke nan.

Tsohon Safiyo ya rubuta:

Yaro, ba a kashe Galileo ba. An gurfanar da shi a Rum a 1633, aka tilasta masa janye maganarsa, aka yi masa ɗaurin talala a gidansa da ke Arcetri kusa da Florence. A kan gadonsa ya mutu a 1642, yana da shekara 77. Wanda aka ƙona a Rum a 1600 Giordano Bruno ne, kuma yawancin tuhumarsa kan aƙida ce. Zalunci dai an yi, har Descartes da ya ji labarin hukuncin ya janye wani littafinsa daga bugawa. Amma ka sani malaman ɗariƙar Jesuit ta Katolika na kwalejin Rum suna cikin waɗanda suka duba da nasu madubin suka tabbatar da abin da Galileo ya gani a 1610, wato watanni huɗu da ke kewaya Mushtari, da yadda Zara ke cika tana raguwa kamar wata.

Almajirin Tarihi ya rubuta:

Malama barka da ƙoƙari. Baba, Allah ya ƙara girma, na ƙaru. Sai dai ina ganin ka bar rabin tambayar, don ɗabi'ar da ka kwatanta ba a Prague aka haife ta ba.

Ibn al-Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya rubuta littafi sukutum yana jero kurakuran Batlimus, kuma aikinsa kan haske da gani cike yake da gwaji. An fassara shi zuwa Latin, aka buga shi a Basel a 1572, kuma a kansa Kepler ya ɗora nasa bayanin yadda ido ke gani. Copernicus ya ambaci al-Battani da sunansa. Tsarin tafiyar wata da ke littafinsa daidai yake da na Ibn al-Shaɗir, mai kula da lokutan salla a masallacin Umayyawa na Dimashƙa, wanda ya rasu wajen 1375, kuma akwai wata dabarar da'ira biyu ta Nasiruddin al-Ɗusi da ita ma ta bayyana a ciki. Masana tarihi har yau suna jayayya kan hanyar da waɗannan suka bi suka isa gare shi. Ibn al-Nafis kuwa tun ƙarni na 13 ya ce jini ta huhu yake bi daga ɓangaren zuciya na dama zuwa na hagu. Don haka abokin aikinki na farko yana da ƙamshin gaskiya, kalmar sata ce kawai ta yi nauyi. Su ma malaman Bagadaza daga Girkawa da Farisawa da Indiyawa suka karɓa. Ilimi gado ne da ba ya tambayar dangi.

Tambayar da ta fi ci mini rai ita ce me ya sa a wannan karon wutar ba ta mutu ba. Ga misalin da nake ba mutane. A 1577, lokacin da Tycho ke gina nasa wajen a Hven, Taƙiyuddin ya kammala gina irinsa a Istanbul da kuɗin Sarkin Musulmi Murad na uku. Na'urorinsu sun yi kama, kuma dukansu sun auna tauraro mai wutsiya da ya fito a shekarar. A 1580 aka ba da umarni aka rushe na Istanbul. Shi ma Tycho ai faɗuwa ya yi: sabon sarkin Denmak ya yanke masa tallafi, ya tattara ya bar tsibirin a 1597, ginin ya zama kufai. Bambancin shi ne Tycho yana da inda za shi. Ya kwashi kundinsa ya tafi wajen wani sarkin, Rudolf na biyu, a Prague. Kuma tun yana tsibirin yana da injin buga littafi nasa na kansa, har da masana'antar takarda.

Turai a lokacin a wargaje take, sarakuna da birane da ɗariƙu suna gaba da juna, sun yi yaƙin shekara talatin daga 1618 zuwa 1648 da ya cinye miliyoyin rayuka. Amma wannan rarrabuwar ta sa ba mai iya toshe baki ɗaya a ko'ina. An hana Galileo buga komai, sai aka fitar da rubutunsa na ƙarshe aka buga a Leiden ta ƙasar Holan a 1638, inda hukuncin Rum ba ya aiki. Littafin hannu in an ƙona kwafi biyar ya tafi ke nan. Wanda aka buga ɗari biyar ya watsu a birane talatin, sai dai a yi haƙuri.

Sai kuma suka mai da abin ƙungiya. An kafa Royal Society a Landan a 1660, takenta da Latin yana nufin kada ka ɗauki maganar kowa haka kawai. Faransa ta kafa tata a 1666. Daga 1665 aka fara buga mujallar da mutum zai rubuta abin da ya gwada da yadda ya gwada, don wani a wata ƙasa ya maimaita. Leeuwenhoek ɗan kasuwar yadi ne a Delft, bai iya Latin ba, ya rubuto wa Royal Society cewa ya ga ƙananan halittu suna iyo a ɗigon ruwa. Ba su yarda ba, ba su kuma kore shi ba. Hooke ya yi ta gwadawa har ya gan su da idonsa a 1677.

Ko shi littafin Newton da kika rubuta a allo, saura ƙiris bai fito ba. Royal Society ta ƙarar da kuɗinta wajen buga wani katafaren littafi kan kifaye da bai yi kasuwa ba, sai masanin taurari Halley ne ya biya daga aljihunsa.

'Yar Shari'a ta rubuta:

Anti Malama, bari in ɗauki rabin tambayarki na biyu, tunda maza sun tsaya a taurari.

Yadda na fahimta, Wayewar Kai ita ce lokacin da mutanen da ba su iya lissafin Newton ba suka ga abin da lissafin ya yi, suka ce to me zai hana mu yi wa doka da sarauta da haraji da hukunci irin wannan tambayar? Voltaire ya yi zaman gudun hijira a Ingila daga 1726, yana can aka binne Newton a 1727 a Westminster, inda ake binne sarakuna a lokacin. Abin ya tsaya masa a rai, ya koma Faransa yana tallata Newton da Locke, masanin falsafa na Ingila. Wadda ta iya lissafin da gaske ita ce Émilie du Châtelet, ita ta fassara littafin Newton zuwa Faransanci, ta ƙarasa shi tana da tsohon ciki, ta rasu kwanaki kaɗan bayan haihuwa a 1749. Ki gaya wa ɗalibarki wannan sunan. Ki ƙara mata da Nicole-Reine Lepaute, wadda ta yi watanni tana lissafi tare da Clairaut da Lalande don gano lokacin da tauraro mai wutsiya na Halley zai dawo. Sun ce tsakiyar Afrilun 1759 zai fi kusantar rana, ya kusanta a Maris. Abin da kakanninsu ke ɗauka alamar mutuwar sarki ko annoba, ga shi ya zo kan alƙawari da kuskuren wata guda.

Ni abin da ya ja ni cikin wannan tarihin shari'ar Jean Calas ce. Ɗan kasuwa ne ɗan Furotesta a Toulouse. An tsinci gawar ɗansa a gida, gari ya ɗauka cewa uban ne ya kashe shi don kada ya koma Katolika. Babu shaida sai jita-jita. A 1762 aka ɗaure tsohon a kan wata ƙafar keke ta katako aka kakkarya masa gaɓoɓi a bainar jama'a, yana cewa bai yi ba har ya cika. Voltaire ya bi takardun shari'ar, ya yi ta rubutu shekara uku, a 1765 aka wanke mamacin. A tsakanin nan, a 1764, wani matashi ɗan Milan, Beccaria, ya fitar da ƙaramin littafi yana tambaya: azabtar da wanda ake tuhuma gaskiya yake fitarwa, ko dai yana nuna wa ya fi juriya ne kawai? Tambayar mai gwaji ce aka yi wa kotu. Haka Diderot da d'Alembert suka fara fitar da kundin Encyclopédie a 1751, juzu'i 17 na rubutu da 11 na zane, har da yadda ake ƙera allura da saƙa safa. An haramta shi a 1759, amma babban jami'in tace littattafai na sarki, Malesherbes, shi ya ɓoye wa Diderot takardunsa a gidansa.

Sai dai Anti, kada ki kai wa yaran nan labarin a wanke tas. Locke da ya rubuta cewa an haifi mutane da 'yanci yana da hannun jari a kamfanin Ingila mai safarar bayi daga Afirka. Hans Sloane, wanda ya gaji Newton a shugabancin Royal Society, dukiyar gonakin rake na Jamaika da bayi ke nomawa tana cikin abin da ya tara kayan tarihinsa da ita. Hume, masanin falsafa ɗan Scotland, ya rubuta a 1753 cewa yana zargin baƙar fata a halitce suna ƙasa da farare, Kant, masanin falsafa Bajamushe, shi ma ya yi maganganu irin haka. Mutanen da suka ce a kawo hujja kafin a yarda, da aka zo kanmu ba su nemi hujja ba, labarin matafiya da 'yan fataken bayi ya ishe su. Alhali hujjar tana gabansu: Anton Wilhelm Amo, wanda aka ɗauko yana yaro daga Axim a ƙasar Gana ta yau, ya samu digirin dakta a falsafa a Wittenberg a 1734, ya koyar a jami'o'in Halle da Jena. Kuma waɗanda suka ɗauki maganar 'yancin ɗan Adam da gaske har ƙarshenta bayin Saint-Domingue ne, da suka tashi a 1791 suka kafa ƙasar Haiti a 1804.

Baba, ka yafe mini, amma minti takwas ɗin Hume ke nan, shi kuma ya ɗauki fensir.

Malamar Fiziks ta rubuta:

Kai, na gode ƙwarai. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ƙanwata 'Yar Shari'a, na rubuta sunayen matan nan biyu da na Amo a bangon littafin darasina. Malam Almajiri, misalin Istanbul da Hven ya hana ni barci.

Maimakon in yi musu lacca, jiya na ce mu yi gwajin Galileo na gangara yadda ya kwatanta shi, ba agogon waya. Shi katako mai kwari ya yi amfani da shi da ƙwallon tagulla, lokaci kuma da ruwa ya auna: babban mazubi mai siririn bututu, ya tari ruwan da ya zubo yayin da ƙwallo ke gangarowa ya auna nauyinsa. Mu mun samu bututun roba mai tsawon mita 4 muka tsaga shi biyu, muka ɗora kan benci, da ƙwallon ƙarfe, da bokiti mai ƙaramin tiyo. Yarinya ɗaya na sakin ƙwallo, ɗaya na toshe tiyo da yatsa, muna auna ruwan a silinda.

Bisa ƙa'ida, lokacin gangaro mita 1 ya zama rabin na mita 4. Mun maimaita kowanne sau goma. Na mita 4 ya ba mu kusan mililita 200. Na mita 1 ya kamata ya ba mu 100, sai ya dage a wajen 112, ko sau ɗaya bai sauko ƙasa da 108 ba.

Mai rubuta sakamako ya juyo ya ce, "Malama, in sa 100 kawai?" Wallahi bakina har ya buɗe zan ce sa, don an kusa kaɗa ƙararrawa, kuma shekara goma sha ɗaya ina cewa yara "kuskuren gwaji ne" mu wuce. Mai tambayar nan ta layin baya ce ta ce a bar shi 112. Mun bar shi a allo, na rubuta kada a goge. Yanzu Litinin suna jirana, kuma ban san inda 12 ɗin nan ta fito ba. Baba, a taimaka.

Tsohon Safiyo ya rubuta:

Madalla da 'yar layin baya.

Abu biyu nake zargi. Na farko bututun roba mai mita 4 yana lanƙwasa a tsakiya in ba a tallafe shi ba, ki ɗaure shi a jikin miƙaƙƙen katako, ki ja zare daga kai zuwa kai ki duba. Ki kuma riƙa cika bokitin zuwa layi ɗaya kafin kowane gwaji, don in ruwa ya ragu zubarsa na raguwa.

Amma na fi zargin yatsar mai toshe tiyo. Tana jin ƙarar ƙwallo ne sannan ta toshe, wannan ɗan jinkirin kuma iri ɗaya ne ko tafiyar doguwa ce ko gajeriya. Na yi lissafi a bayan ambulan: in jinkirin na ƙara mililita 24 kowane karo, ainihin lambobinku 176 da 88 ne, kin ga rabi ya fita cif.

Kada ki gaya musu haka a matsayin amsa, don ni ma zato nake. Ki sa alama a mita 2 da santimita 25 daga inda ƙwallon ke tsayawa, ku sake shi daga nan. In babu jinkiri, kashi uku cikin huɗu na 200 za ku samu, wato 150. In zatona daidai ne, wajen 156 za ku gani. Ki rubuta lambobin biyu a allo kafin a saki ƙwallon, kuma yarinyar da ta toshe tiyo jiya ita za ta sake toshewa, kada a canza hannu. Sau goma. Ki dawo mana da abin da ya fito.